Kogin da Mama Ba Ta Taɓa Zuwa Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki? Mu ma lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi.

Ka san tun da idon Mama ya yi rauni ni nake karanta mata saƙonninka. Kai da gaisuwa ma sai an roƙe ka, kwanan nan sai ga zance mai zaƙi kamar na mai neman aure. Na zuba ido. Na makon jiya ne ya kai ni bango, inda ka ce ba ka manta ranar da ta goya ka zuwa bakin kogi tana yi maka waƙa ba. Wane kogi, Auta? Matar da ta raine mu a gindin keken ɗinki, ba ta leƙa waje sai zare ya ƙare?

Matarka ta fasa ƙwai: manhajar wayarka kake sawa ta rubuta, ko dubawa ba ka yi. Mama kuwa abinci ya daina shiga. Tana zaune bakin gado tana ta lalube a ranta, wai tunda Auta ya tuna ita ta manta, to hankalinta ya fara guduwa. Ka kira ta ka gaya mata gaskiya.

Ka gaida yaran.

Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso. Wato maimakon ka kira, wayar ka koma ka tambaya, ta ce maka mantuwa ba abin mamaki ba ce ga mai shekarun Mama. Har kana cewa wataƙila an je kogin, kai ma ba ka da tabbas. Wannan kan naka, na ɗaukar hula ne kawai?

To ga abin da ka jawo. Jiya Mama ta kira ni tana murna, wai ta tuna. Har launin zanen goyon ta faɗa, ta kuma ba maƙwabciyarmu labari. Sai na tambaye ta tabon goshinka, na ranar da ka faɗa kan ƙafar keken ɗinki ta ruga da kai asibiti ko takalmi babu. Ta ce in tambaye ka, kai ne mai riƙe abu, ita ta daina yarda da kanta.

Na shiga ɗaki na yi kuka, kuma wallahi har yanzu ban huce ba. Kada ka sake aiko saƙo, ba zan karanta mata ba. Ka tako da ƙafarka ka durƙusa gabanta, ka kama hannunta ka ɗora a kan tabon. Shi dai ba waya ce ta rubuta shi ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka