Hulunan da Na Ƙi Wankewa

Tibiri, ran Litinin

Ɗiyata Rufaida,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya zafin Yamai? Kina cin abinci kuwa? Mu nan lafiya lau. Da hannuna nake rubuta miki, kada ki yi dariyar layukan da suka karkace.

Albishirinki! Malam Safiyanu, shugaban 'yan wasan kwaikwayon garinmu, ya zo har gida. Za su nuna mutanen Gobir na da a gasar da za a yi a garin Gidan Rumji, yana son huluna bakwai haɓar kada, masu kunnuwa biyu, irin na kakanki. Teloli sun yi masa da keke, ya ce sun fito kamar kayan 'yan lakol, wato makarantar boko. To ni zan yi, da allura da zare! Na samo farin saƙi, in na gama in kai marina. Ki yi mini addu'a.

Mahaifiyarki,
Lantana

Tibiri, ran Alhamis

Rufaida,

Ina fata kina lafiya, tarin nan ya sake ki. Bayan sati biyu ina ɗinki, hulunan sun dawo daga marina, an buge su da shuni, sai ƙyalli suke. Amma da aka gwada su jiya da rana, zufa ta sauko, goshin kowa ya koma shuɗi. Aka yi ta dariya. Malam Safiyanu ya ce in wanke su tas, in ba haka ba ya koma ga na teloli.

Na ƙi, Rufaida, ni da ba na musu da mai ilimi. Na gaya masa wanki zai kashe ƙyallin, kuma babana bai taɓa fita ran salla da farin goshi ba. Shunin nan shi ne ado, da shi ake gane wanda ya sa rini na gaske. Ya kwashi hulunan ya tafi. Jibi ne gasar. Abinci ma ya ƙi ciyuwa. Ko na yi wauta?

Taki,
Lantana

Tibiri, ran Lahadi

Ɗiyata,

Gaisuwa a gurguje, lafiyarmu ƙalau. Jiya aka yi gasar, kuma hulunana suka sa! Ina can baya cikin mata ina kallo. Da shunin ya fara sauka, sai tsofaffin da ke gaba suka miƙe, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa tana cewa ga mijinta ya dawo. 'Yan wasanmu na biyu suka zo, ni kuwa ko a jikina.

Yau da hantsi Malam Safiyanu ya yi sallama, yana son zabira da ɗamara guda bakwai bakwai kafin girbi. Na miƙa masa ruwa da sabulu, don har yanzu goshinsa shuɗi ne. Ya ce in bar shi, bai gama zaga gari ba tukuna.

Ki aiko mini da tabarau, idon allura ya fara ɓuya.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Lantana