Tururin waakye a agogon Baban Amina

Talata da dare, Maamobi

Yau na kai agogon maigidana, marigayi Baban Amina, wurin Malam Isifu mai gyara a unguwar Circle, saboda gilashin ya yi gumi ta ciki. Da ya buɗe bayansa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Hajiya, da wannan a hannu kike dafa waakye? Maƙeransa sun rage masa kauri har ƙarafan cikinsa sun zama kamar ɓawon albasa, ba su bar wurin abin da zai tare tururi ba. Masu tara irinsa a akwati suke ajiyewa. Ki daina ɗaurawa, kada tsatsa ta cinye shi."

Gaskiya ya faɗa, da shi a hannu nake dafa shinkafa da waken. Amma agogon nan ba ya aiki da batir, sai an murza shi kowace safiya, yadda maigidan yake yi bayan asuba. Tun rasuwarsa ban bari ya tsaya ba.

Na sa shi a akwati. Da na kwanta, na tallafi kunci kamar kullum, babu bugun agogon a kunnena, sai na ji shiru irin na ranar da aka fita da gawar maigidan. Na tashi na ɗauko shi.

Da rana ya zauna a akwatin, na yarda. Dare kuwa namu ne.