Fitilar Gidan Ubanta

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Matar ɗana Majid ta sake kira daga Sin. Ban ɗaga ba, Nuf ce ta ɗaga. Nuf 'yata ce, amma idan maganar matar nan ta taso, lauyarta ce. Wai kasuwannin Gwanzu za su rufe saboda sabuwar shekararsu, ita kuma ba ta son zama a gidan da Majid ya rasu alhali gari yana ta wasan wuta. Tana so ta zo nan da 'yarsu Haifa, su yi umara, su kama azumi da mu.

Na ce a gaya mata ta aiko mini da jikata, ita ta zauna. Ƙanena Tijjani yana zuwa can sarin darduma da carbi, ba zai kasa riƙo hannun 'yar shekara biyar ba. Nuf ta ce, "Ummi, haram alaiki, wace uwa ce za ta yarda?" Na ce irin uwar da ta yarda aka binne mini ɗa kafin in gama neman takalmina.

A nan unguwar Rusaifa na haife shi. Mutane suna sayar da gonaki don su zo su mutu a garin nan mai tsarki, shi kuma yana kwance a gefen wani babban titi a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Matarsa ta ce sunna ce a gaggauta. Ni za a koya wa sunna. Wadda ta musulunta shekaran jiya.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Ba za ta rabu da yarinyar ba. Za su tafi arewa, ƙauyen ubanta a Shandon. Su je.

Talata, 10 ga Fabrairu

Rabin rayuwata na yi ina koya wa 'yan mata labarin ƙasa, Sin shafi biyu ce a littafin: shinkafa, katanga, yawan jama'a. Yanzu na sayo littattafai har uku, ina karantawa kamar mai shirin shiga kotu. Ina so in san abin da za a cusa wa jikata.

Su ma ba su daidaita ba. Akwai abin da suke kira ƙaramar sabuwar shekara, ranar da ake sallamar gunkin murhu ya kai rahoton gida sama, a shafa masa alewa a baki don kada ya faɗi gaskiya. 'Yan arewa yau suke yi, 'yan kudu gobe. Ko gunkin bai san ranar tafiyarsa ba. Arewa alkama, suna naɗe nama a ƙullu su dafa, wasu har da kwabo a ciki, wanda ya tauna shi ne mai sa'a, idan haƙori bai karye ba. Kudu wainar shinkafa mai danƙo. Can ƙasa wajen Gwanzu kuma kasuwar furanni, kowa ya sayi bishiyar lemo a tukunya ya kai ƙofar gida.

Majid ya taɓa aiko mini hotonsa rungume da irin bishiyar, yana dariya. Ya ce, "Ummi, kamar mu ne fa. 'Yan unguwar Hindawiyya da suka biyo ta Sudan suna asida, ku kuna tuwo, kowa yana cewa na ɗan'uwansa ba abinci ba ne." Ya ce uwar matarsa 'yar kudu ce, ubanta ɗan arewa, a kan abincin daren shekara suka fara faɗa har auren ya mutu. Uwar ta ɗauke ta tana ƙarama suka koma kudu. Uwar ta rasu tuni.

Na rufe littafin. Ba don tausayi ba, idona ne.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Nuf ta nuna mini bidiyo daga cikin jirgin ƙasa. Mutane har a hanyar wucewa, zaune a kan bokitai. Ga Haifa a jikin taga cikin jar riga. Ja wur. Uba bai cika shekara a kabari ba.

Na karanta, ban manta ba: gidan da aka yi rashi ba ya liƙa jar takarda a ƙofa. Wasu yankunan fara suke liƙawa, wasu ba sa liƙa komai sai bayan shekara uku. Wato ko a dokar tasu ta yi laifi. Na ce Nuf ta rubuta mata haka, ta ƙi, sai na rubuta da kaina da Larabcin makaranta, har da wasali. Ta iya Larabci, da shi take yi wa 'yan kasuwa tafinta, a nan ta kama mini ɗa.

Amsa ta zo kafin la'asar. "Mama, ita kaɗai ce rigar sanyinta. Majid ne ya saya bara, ya sayo babba wai ta yi mata shekara biyu."

Na ajiye wayar. Sayen kaya da girma, a wurina ya koya.

Nuf ta ce wai har tukunyarta ta ɗauka, da naman da ta saya wurin mahautan Musulmi, don gidan uban alade suke ci. Na ce wannan wajibi ne, ba a yaba wa mutum don ya yi wajibi.

Lahadi, 15 ga Fabrairu

Sharar azumi. Nuf ta so buɗe ɗakin Majid ta ajiye buhun shinkafa. Na ce ta ajiye a kaina.

Su ma yanzu suke shara, don daga ranar shekara ba a taɓa tsintsiya, wai kada a share arziki. Kuma ba a ambaton mutuwa, ba a kuka. To yarinyar fa, idan ta tambayi ubanta a kan tebur?

Litinin, 16 ga Fabrairu

Yau ne jajiberen nasu, daren babban cin abinci. Bayan azahar, lokacin can rana ta faɗi, na kira da kaina. Na karanta cewa a Shandon a daren nan ake rataye sunayen kakanni a bango, a jera musu abinci, yara su durƙusa. Na shirya maganata tsaf. Idan na ga goshin jikata a ƙasa gaban takarda, sai dai wayar ta fashe.

Haifa ce ta ɗaga. "Kaka," ta ce, kalmar Hausa ɗaya da ubanta ya bar mata. Na ce ta juya wayar in ga gidan.

Ba gida ba ne. Gado ɗaya da farin zanen gado, talabijin a bango, labule mai datti. Tukunyar nan a ƙasa a kan ɗan murhun lantarki. Babu kakanni, babu tebur, babu kowa.

Uwar ta karɓa. Ta rame, ban san ta rame haka ba. Na ce ina ne nan. Ta ce masauki ne kusa da tashar mota, a garin da ke gaba da ƙauyen. Na ce me ya fitar da ku. Ta ce a ƙauyensu 'yar da ta yi aure ba ta ganin fitilar gidan ubanta a daren shekara. Idan ta gani, arzikin ɗan'uwanta namiji zai lalace. Balle wadda mijinta ya mutu. A kudu inda ta tashi ba wanda ya taɓa korar ta daga teburin uwarta, don haka ba ta yi zaton har yanzu ana yi ba. Matar yayanta ce ta faɗa, da rana, tana yankan kabeji. Uban bai ɗaga kai ba. Ya ɗora su a babur mai ƙafa uku ya kawo su nan, ya ba Haifa jar ambulan ta kuɗin sabuwar shekara, ya ce zai dawo ranar biyu ga watansu, ranar da aka yarda 'ya'ya mata su shigo.

Na ce, "Wane irin uba ne wannan? Cikin wannan sanyin, da ƙaramar yarinya? To a ina ake so mace ta kwana?"

Ta ce, "A gidan mijinta, Mama. Wurin uwar mijinta."

Ba da gori ta faɗa ba. Da gori ne da na san abin da zan ce, na iya gori. Amsa kawai ta ba ni, kamar ɗalibar da aka tambaya babban birnin wata ƙasa.

Sai wasan wuta ya ɓarke a waje, Haifa ta toshe kunne ta shige jikinta. Ta ce za ta kira gobe.

Na zagi tsohon nan har muryata ta dushe. Jahili, matsoraci, mai tsoron suruka. Nuf tana tsaye a ƙofar kicin tana kallona. Na ce mene ne. Ta ce ba komai. Na tsani ba komai ɗin Nuf.

Talata, 17 ga Fabrairu

Ni da uban nata ba ɗaya ba ne. Shi camfi ne ya sa shi, ni ina da dalili. Ɗana aka binne ba da ni ba.

Na rubuta wannan, na karanta, na sake karantawa. Daidai ne. Ban san me ya sa bai zauna mini ba.

Bayan magariba aka sanar da ganin wata, gobe azumi. Watan da suka yi wa wasan wuta jiya ne, su sun ƙirga shi tun bai fito ba, mu sai da muka gani. Na koyar da wannan a aji sau ba adadi. Unguwa ta cika da hon ɗin motoci, yara suna gudu zuwa kanti, layin masu sayen subiya, abin shan azumi, har titi. Su suna can ɗakin nan mai labule.

Laraba, 18 ga Fabrairu, 1 ga Ramadan

A can biyu ga watansu, ranar 'ya'ya mata. Kowacce takan zo da miji da kyauta bibbiyu, don ba a kai ɗaya tilo. Ita ta je da yarinya da tukunya. Nuf ta ce an ba su taliya, an yi hoto, kuma kafin rana ta faɗi dole ta bar gidan, wannan ma doka ce a can. Ta koma masaukin. Tana neman kujera a jirgin kudu, babu.

Muna naɗin sambusa Nuf ta tura mini wayarta. Abin da suka dafa a daren nan ne, a kan murfin tukunya: irin naɗin ƙullun 'yan arewa, da naman da ta ɗauko tun daga Gwanzu. Na uwar a jere kamar sojoji. Na Haifa guda uku, a karkace, baki a buɗe.

Haka Majid yake lalata mini sambusa.

Na sha ruwa da dabino ɗaya. Romon shurba kuwa na bar shi a kwano.

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Ciwon kai. Ban karanta komai ba. Littattafan nan uku, ba wanda ya faɗi inda matar take zuwa.

Asabar, 21 ga Fabrairu

Na buɗe ɗakin. Ƙura ce ta sa, tana shigowa har falo, ga azumi ga tari. Katifar tana nan lafiya, zanen gado ne kawai.

Na je shagon Tijjani a unguwar Kudai na ce ya nemo kujera biyu zuwa Jidda, ya yi musu abin da ake yi na umara. Ya ce, "Biyu, Yaya?" Na ce yarinya ba za ta hau jirgi ita kaɗai ba, ko kai ne za ka yi mata wanka? Ya fara murmushi, na ce ya adana haƙoransa.

Maganar kabari ba ta ƙare ba. Zan faɗa mata ido da ido, kuma hakan ya fi sauƙi idan tana cikin gidana. Dalilin ke nan.

Na tambayi Nuf ko Ikram tana cin yaji. Nuf ta ce, "Wa?" Ta sani sarai, matar Majid ɗaya ce.

Fitilar ƙofar shigowa ta mutu tun bara, na sa an canza ƙwan. Nuf ta ce na bar ta a kunne da rana tsaka. Mantawa na yi.