Wainar Ranar Saukar Jirgi

Talata, 8 ga Yuli

Yau kwana bakwai da rasuwar mijina, Baban Nazifa. An yi addu'a, an watse. Nazifa ta ba ni ragowar littafinta na makaranta, wai in riƙa rubutu tunda na daina magana. To ga shi.

Oga bai zo ba. Shekara goma sha ɗaya Baban Nazifa yana tuƙa shi, daga gida zuwa jirginsa, daga jirginsa zuwa gida. Buhun shinkafa ya aiko da takarda da Turanci. Wai masu tsaronsa sun hana shi shigowa Agege, lungunmu ya yi ƙunci, mota ba za ta juya da sauri ba in wani abu ya taso. Makara dai ta juya lafiya lau.

Alhamis, 10 ga Yuli

Masu tsaron oga sun turo Jumare don yana jin Hausa. Ɗan unguwar nan ne, bayan masallaci aka haife shi, yanzu ya sa kwat da wata waya a kunne kamar mai ciwon kunne. Ya zauna a baranda, ni ina bayan labule tunda ina takaba.

Shi ya faɗa mini yadda abin ya faru. Jirgin oga ya sauka Ikeja da la'asar. Aka sa oga a wata ƙaramar mota aka fita da shi ta wata ƙofa. Baban Nazifa kuma aka ba shi babbar baƙar motar da kowa ya sani, gilas duk baƙi, baya ba kowa, aka ce ya bi hanyar kullum. Wasu masu okada, wato acaɓa, suka tare shi. Suka buɗe baya ba su ga kowa ba, sai suka huce a kansa.

Dikoi, in ji Jumare. Ogan kuma Firinsifal suke ce masa, sai ka ce yana da makaranta. "Hajiya, sori fa, amma Firinsifal ya tsira. Tsarin ya yi aiki." A gabana ya faɗi haka, yana shan ruwan gidana.

Asabar, 12 ga Yuli

Na sa Nazifa ta duba mini kalmar dikoi a waya. Agwagwar katako ce da maharba ke ɗorawa kan ruwa don yaudara. Ta nuna mini hoton. Da ban tambaya ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Jumare ya dawo, yau da littafi. Wai wani ne ya fitar da lokacin saukar jirgin, kuma mutum shida kacal suka sani. Ya jero mini ƙoƙarinsu: sun ɓoye lambar jirgin kada a gan shi a waya, suna canza lokaci, suna caje mai kai abinci, har kare ke shinshina kujeru. "A irin wannan, Hajiya, direba ake fara dubawa." Yana so in ba shi wayata.

Shida! Mai zuba mai fa? Masu wanke jirgin? Ɗan ogan da ke tsayawa kan matakala yana ɗaukar hoto duniya ta gani? Baban Nazifa ya sha ba ni labarinsu muna dariya. Duk waɗannan ba su da baki, sai wanda ke kwance a maƙabarta, don shi ba zai musa ba.

Na miƙa wayar ta ƙasan labule. Ya je ya karanta gaisuwar Juma'a da farashin tumatir.

Laraba, 16 ga Yuli

Maganar ta shiga unguwa. Habiba ƙawata ta ji a wurin niƙa, wai Baban Nazifa ne ya sayar da oga, abokan cinikin suka rufe masa baki. Nazifa ta dawo daga islamiyya ba ta ci abinci ba. Mutumin da in ya tsinci biro a mota sai ya mayar.

Juma'a, 18 ga Yuli

Dole in rubuta wannan.

Ina tsefe wa surukata Inno kai, sai ta ce, "Ranar ma fa na yi wa Baballe waina. Ko ba a karɓa ba ne?" Haka take kiran ɗanta, Baban Nazifa. Tsinken ya faɗi daga hannuna.

Tun da ya fara aikin suka sa shi ya sa hannu a takarda, ba zai gaya wa mata ko abokai lokacin tafiya ba. Bai taɓa gaya mini ba kuwa. Amma ba ya fita hanyar filin jirgi bai durƙusa gaban Inno ta sa masa albarka ba. Har tsokana yake: "Takardar ba ta ce uwa ba." Ita kuma Inno ba ta yarda da jirgi ba, ba ta yarda da titin Legas ba. Duk ranar sauka sai ta soya waina ta sadaka. Ni ke kai ta ƙofar masallaci bayan azahar, inda masu okada ke fakin. Kowa ya ɗauka sai ya ce ta mece ce, don ya san addu'ar da zai yi. Ni kuma in ce, ta Baballe ce, zai ɗauko ogansa yau.

Shekara goma sha ɗaya. Su suna can suna ɓoye lambar jirgi, mu muna nan muna rabawa da yaji.

Ranar da aka kashe shi akwai wani baƙo cikinsu, bai cire hular kwano ba. Ya ɗauki uku. Ya ce, "Allah ya kai shi lafiya. La'asar ko magariba, Hajiya?" Na ce la'asar, yadda Inno ta ji daga bakinsa ta faɗa mini. Har na ji daɗin yadda ya damu.

Lahadi, 20 ga Yuli

Wataƙila ba shi ba ne. Wataƙila yunwa kawai yake ji.

Laraba, 23 ga Yuli

Na gaya wa Habiba. Ta kama bakina da hannu. "Ke Mariamu, kina da hankali? Su kwashe ki zuwa ofishin 'yan sanda kina cikin takaba? Inno kuma da hawan jininta, ta ji wainarta ce, ai sai a haɗa arba'in biyu."

Gaskiyarta. Amma in na yi shiru, takardarsu za ta ce ɓarawo ne, kuma Nazifa da sunan za ta yi aure. In na yi magana, tsohuwar nan da ke kirana 'yata. Su masu kwat ba abin da zai same su ko ta ina. Ogansu ma an ce yana Dubai yana hutawa, wai ya firgita.

Alhamis, 24 ga Yuli

Jumare ya kawo wayata. Na tura Inno gidan Sa'idu, ƙanin Baban Nazifa, na ce jikokinta na nemanta.

Na faɗa masa komai, sai abu ɗaya na canza. Na ce ni ke laɓe ina jin wayar marigayi, ni ke soyawa, ni ke kaiwa. Marigayi bai sani ba, Inno ba ta sani ba.

Ta gefen labule na ga ya zare wayar kunnen ya sa a aljihu. Da ya yi magana babu Turanci ko ɗaya. "Hajiya, na san hannun da ke soya wainar nan. Na ci ta ina yaro, har ta taɓa kora ta da muciya don na ɗauki biyar."

Na ce, "Rubuta abin da na faɗa maka."

Ya ce to. Ya tambayi kamannin mai hular kwano, na faɗi abin da na tuna. Da zai tafi ya ce in gaida Inno, kada in ce daga wa.

Lahadi, 10 ga Agusta

Arba'in. Takardarsu ta iso jiya. Babu hannun marigayi, labari ya fita ne ta wurin iyali ba da niyya ba. Ba su sa suna ba, ba wanda ya zo kama ni. Sa'idu ya karanta wa maza layin farko a masallaci ya ninke. Masu bakin wurin niƙa yau su ne a gaba wajen cin shinkafa.

Sun kuma yi sabuwar doka: direba ba zai san lokaci ba sai saura awa ɗaya, kuma a karɓe wayarsa. Wannan ce hikimar da suka samo. Baƙar motar an gyara ta, an ɗauki wani direba, an ce yana da 'ya'ya huɗu.

Inno ta ce, "Na san Baballe ba zai ci amana ba." Ta yi barci da rana, karo na farko.

Alhamis, 21 ga Agusta

Sa'idu zai je Kano kai wa dangi kayan marigayi. Asabar da asuba, motar Agege. Ni na haɗa jakar.

Ɗazu Inno ta leƙo, ta riga ta ɗauko kwanon jiƙa shinkafa. "'Yata, yaushe ne tafiyar yaron nan? In jiƙa tun da wuri."

Na ce bai sa rana ba tukuna.

Ta tsaya tana kallona, sannan ta mayar da kwanon. Wa zai tare Sa'idu, mai jaka ɗaya da tsofaffin riguna? Ba kowa. Ba wai na yarda da shirmen su Jumare ba ne. In ya isa sai in gaya mata, mu soya ta godiya. Ai duk sadaka ce.