Na Ga Baba a Purushapura

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Inna, ya ƙarfin jiki, ya ƙafar taki? Ina fatan matata Utara da yara suna lafiya, inabinmu kuma ya nuna.

Na iso Purushapura lafiya tare da ayarin masu gishiri. Garin nan ya wuce yadda Baba yake ba mu labari. Tun daga nesa ake hango hasumiyar da sarki ya gina don girmama Buddha, tagullar samanta tana ɗaukar ido. A kasuwa ga silikin Sin, ga gilasan Rum, kowa da yarensa, amma ciniki yana faɗawa. A layin masassaƙa na tsaya gaban wata fuskar Buddha ta baƙin dutse, har na kusa manta abin da ya kawo ni.

Inna, na ga Baba. Ba ciwo ne ya riƙe shi ba, ba kuma 'yan fashi ba. Yana gidan masu zuhudu a gindin hasumiyar, kansa a aske, ya yafa jan mayafi. Harsunan da ya koya a fatauci, da su yake fassara wa baƙi koyarwar Buddha, manyan fatake zaune gabansa kamar yara. Na shiga da fushina, na faɗa masa duk abin da kika ce in faɗa, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe, hawaye na zubo masa, ya ce kunyarki ce ta hana shi aike. Duk da haka ban taɓa ganin hankalinsa a kwance irin na yanzu ba.

Gara ki ji daga bakina: ba zai dawo gida da zama ba. An zaɓe shi ya bi ayarin da zai kai littattafai ƙasar Sin, tafiyar da ba kowa ke dawowa ba. Sai dai ya roƙi madugu a bi ta kwarinmu. Ya ce mini, "Ba zan haye duwatsun nan ba sai na durƙusa gaban mahaifiyarka. In ta ce kada in tafi, zan zauna da masu zuhudun garinmu, inda za ta riƙa ganina."

Za mu taso da tsayuwar wata. Ni dai ban san wanne zan ce ki zaɓa ba. Ki dafa masa shinkafa da madara, amma da wuri, don yanzu in rana ta take tsaka ba ya cin komai.

Ki gaida mini kowa da kowa.

Ɗanki mai biyayya,
Sihila