Inna Rahmatu Ta Ce Kumburi Ba Ya Jin Lallashi

Hajiya, don Allah ki agaza min da shawara, na rasa bakin da zan yi wa babba magana.

Ina aure a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, unguwa ɗaya da iyayena. Bara aka yi wa Ummata aikin ciwon daji a Kano, aka cire mata nono ɗaya har da ƙwayoyin hammata, inda kaluluwa ke fitowa. Alhamdulillahi ta tashi, sai dai hannun hagu ya kumbura, ko awarwaro ba ya shiga. Wata ma'aikaciyar asibiti ta koya min tausa: a fara daga wuya, a riƙa jan fata a hankali, ba matsawa. Ni ma da farko dariya na yi. Amma ga Umma ta koma ɓarar gyaɗa, har da faɗan wai ba mu da sauri. Wallahi raina fes.

Matsalar Inna Rahmatu ce, yayar Umma, ungozomar garinmu. Duk mai jegon da ta gasa ba ta mantawa da hannunta. Ta ce abin da nake yi wasan yara ne, kumburi ba ya jin lallashi. Ranar da ban leƙa gida ba, sai ta zo da ruwan zafi da tsumma ta murje hannun, washegari ya sake tashi. Umma ba za ta hana ta ba, Inna ce ta goye ta. Ni kuwa ita ta yanke min cibiya.

Taku,
Mai Kunyar Inna

*

Mai Kunyar Inna, barka da arziki, Allah ya ƙara wa Umma sauƙi.

A daina gashin nan daga yau. Ruwan da ya taru a hannun ƙarƙashin fata yake bi, ta hanyoyi sirara, kuma aikin ya toshe wasu. Shafa mai sauƙi tana kora shi inda zai wuce, zafi da murza kuwa ƙara shi suke yi. In kin ga hannun ya yi ja, ko ya ɗau zafi, ko zazzaɓi ya zo, ki ajiye tausar ma, ku tafi asibiti ranar.

Amma kada ki ga laifin Inna. Ƙanwarta ta kwanta, likitoci suka yi nasu, ke kika yi naki, ita aka bar ta da kallo. Abin da ta iya ta kawo.

Don haka kada ki gyara mata, ki roƙe ta. Ki ce aikin ya yi miki yawa, ta raka Umma asibiti a zuwa na gaba, ta ji daga bakin ma'aikaciyar, sannan ki bar mata tausar safe. In ta ce ba ta iya sassauci ba, ki tambaye ta yadda ta riƙe ki ranar da kika zo duniya. Haka za ta riƙe hannun ƙanwarta.

Allah ya bar zumunci, ya ba da lafiya mai ɗorewa.

Hajiya Ummukulthum