Tsohuwar da Na Ba Kujera

Gwaram,
Jihar Jigawa.
9 ga Satumba.

Zuwa ga Yayata Munawwara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Zulkifli da 'yar ɗakina Juwairiyya. Allah Ya ƙara muku lafiya a can Fatakwal, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mutanen gida a Birnin Kudu duk lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci ba sanda, Inna kuwa tana nan da mitarta, wai kin manta da ita. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai, Ashiru ya ce bana sai an ƙara rumbu.

Yaya, kin sha tambayata a waya abin da ya sa muryata ta canza, ina ce miki gajiya ce. Ƙarya nake yi. Maganar ba ta faɗuwa a waya, shi ya sa na ɗauko biro. Mako shida ke nan takardar ajiye aiki tana cikin jakata, kuma ina so ki ji dalili kafin kowa.

Kin san ɗakin masu jego aka sa ni a asibitin da aka turo ni nan ƙasar Gwaram. Mutum biyu na tarar. Akwai Sista Nasiha, shugabar ɗakin, mace marar yawan magana. Akwai kuma Inna Fatsuma mai shara da canza zanin gado, ta fi shekara ashirin a wurin, ba ta da takardar komai, kullum da goro a baki. Ni kuwa kin san ni da rawar kai. Na zo da fararen kaya sun sha guga, kai cike da karatu, gaisuwa ma a tsaye nake jefa mata ina wucewa. Sai na lura da wata ɗabi'arta da ta tsaya mini a rai. Da zarar an kwantar da mai jego, sai ta miƙa wa uwar mijin bokiti ta ce ta je bayan asibiti ta ɗebo ruwan zafi, in tsohuwa ta yi gardama ta ce mata asibiti ba gidan suna ba ne. Na ɗauka wulaƙanci ne kawai irin na wanda ya daɗe a wuri. Ban tambaya ba, su ma ba su gaya mini ba, don na riga na nuna musu ba na neman a gaya mini komai.

Wata Talata da safe, bayan an tafka ruwan sama, aka kawo wata yarinya a kan babur daga wata ruga a gaban Fagam. Sunanta Zahara'u, haihuwar fari, tare da mijinta Buba da uwarsa. Wajen ƙarfe goma ta haifi namiji, ko uhum ba ta ce ba. Sista Nasiha ta koma ɗakin haihuwa don wasu biyu na jira, ta bar mini ita ta ce in sa ido. Sai ga Inna Fatsuma da bokitinta. Uwar Buba kuwa a jiƙe take sharkaf, sai rawar sanyi take yi. Raina ya ɓaci. A gaban kowa na karɓe bokitin, na ce wa Inna Fatsuma tsintsiya ce aikinta, ta tsaya a kanta. Na jawo kujerata na ajiye wa tsohuwar a bakin gado. Inna Fatsuma ta dube ni, ta ce a hankali to ko zanin ne in ɗaga in duba. Na ce mata na san aikina.

Sau uku na tambayi Zahara'u yaya jiki, sau uku tana ce mini da sauƙi, idonta a ƙasa. Da na kai hannu zan ɗaga zanin, sai ta riƙe shi gam, ta saci kallon surukarta. Na janye hannuna, Yaya. Na ma ji daɗin kaina, wai na kiyaye mata kunyarta. Na rubuta a katinta cewa tana lafiya.

Gab da azahar Inna Fatsuma ta zo gogar ƙasa, ta tura tsumma ƙarƙashin gadon, ya fito ja. Jinin ya ratsa zani ya ratsa katifa. Ba abin da ba mu yi ba, allura, ƙarin ruwa, danna mara, sannan muka sa ta a motar asibiti muka nufi Birnin Kudu, ina riƙe da ledar ruwa, tsohuwar tana gefe da jariri. Ba mu kai gari ba ta cika. Maganar ƙarshe da ta yi mini, da murya ƙasa-ƙasa, ita ce in rufe mata ƙafafu kada uwar mijinta ta gani.

Washegari Sista Nasiha ta zaunar da ni ta warware mini abin da kowa a ɗakin ya sani ban da ni. Matan nan ba sa ambaton jini ko ciwo a gaban suruka, ko da rai zai fita. Bokitin nan dabara ce da suka ƙulla tsakaninsu shekara da shekaru: Inna Fatsuma ta fitar da tsohuwa, nas ta samu ta duba mai jego ta ji gaskiya. Ita ake zagi, aikin yana tafiya. Sista ta ce ita ma da laifinta da ba ta sanar da ni ba tun ranar farko. Na rubuta duk abin da na yi a rahoto, ban ɓoye ko kalma ba. Aka ja mini kunne, aka ce kada in ƙara tsayawa kan mai jego ni kaɗai sai an ga hankalina.

Wallahi da hukuncin ya fi haka da na fi samun sauƙi. Na san kwana ne ya ƙare, na yarda da ƙaddara, amma hannuna ne ya janye. Duk Juma'a in zan je gida, motar haya sai ta bi ta daidai wurin da Zahara'u ta cika, kusa da wata gonar dawa, sai in kawar da kaina. Ina tahiya sai in ga yatsunta a bakin zani. Kujerar nan ta roba har yau ban sake zama a kanta ba, tsaye nake rubutu. Ko gaisuwa aka yi a gabana wani ya ce da sauƙi, sai gabana ya faɗi.

Sai da na yi kwana goma kafin na iya zuwa gidan Inna Fatsuma. Na durƙusa a tsakar gidanta na nemi gafara. Ta bar ni na gama kukana, ba ta rarrashe ni da cewa ba komai ba, don ba ta iya daɗin baki ba. Ta ce ita ma abin yana cinta, don fushi ne ya sa ta koma bayan ɗaki wanki, maimakon ta leƙa ta gaya wa Sista. Tun daga ranar tare muke aiki. Ta koya mini duban leɓen mace da farcenta, da yadda ake tambaya ba a haɗa ido ba. Ni kuma na nuna mata awon jini, har ta iya karanta shi. Yanzu in ta ɗauko bokiti, ni ke nuna wa tsohuwa hanya. Makon jiya a haka muka tari wata mata daga Basirka da wuri, jibi ma ake suna.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru ya faru ne ranar Litinin. Uwar Buba ta kawo jaririn rigakafi, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ni. Ta kwance bakin zaninta ta fito da kwalbar man shanu ta miƙo mini. Ta ce sau huɗu tana raka surukanta asibiti, kullum korarta ake yi kamar kaza, ni kaɗai na san darajar furfura na ba ta wurin zama, har ta samu ta zauna da Zahara'u zuwa ƙarshe. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka, tana cewa Allah Ya ba ni masu yi mini yadda na yi mata. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sai Inna Fatsuma ta taka mini ƙafa, ta amsa da amin da ƙarfi.

Da tsohuwar ta tafi, Inna Fatsuma ta ce in na faɗa, kaya zan sauke daga kaina in ɗora wa baiwar Allah mai rainon maraya, ta ƙare rayuwarta tana ganin zamanta ne ya kashe yarinyar. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wannan kayan namu ne ni da ita, kuma wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa da ɗauka. Don haka ba zan miƙa takardar ba, Yaya. Zan zauna. Amma ki sani na karɓi man, na kuma ce amin, tsohuwar ta tafi tana murna da ni.

Ki gaishe mini da Malam Zulkifli, ki shafa mini kan Juwairiyya. Baba da Inna da Ashiru suna gaishe ku, Kawu Haladu ma ya ce in isar da tasa. Kada ki gaya wa Inna wannan magana tukuna. In kin idar da salla ki sa Zahara'u a addu'a, ki kira sunanta.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarki,
Hidaya.